Ɗanyen Kasko: Darasi A Kan Kayan Yumɓun Da Ba A Gasawa

Hausawa sun ce ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki. Tun ina makarantar allo na ke jin wannan magana a bakin manya, in za su kwaɓi yaron da ya tarki abin da ya fi ƙarfinsa, amma ban taɓa tsayawa na duba tushenta ba sai da aka aike ni gwajin koyarwa a Kakau. A can ne maganar ta tabbata a kaina, a gaban yara da iyayensu. Na ga ya kamata in rubuta wa 'yan'uwana abin da ya same ni da abin da na koya, gama yawancinmu ƙauyuka za a kai mu, inda babu matoya, babu kuɗin sayen kayan aikin hannu, sai ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Wanda ya san halin ƙasar nan zai fid da kayan amfani daga cikinta, wanda bai sani ba kuwa zai sha kunya irin wadda na sha.

1. Yadda Na Sha Kunya

Kakau tana kudu da Kogin Kaduna, cikin ƙasar Chikun, a bakin hanyar Abuja, kuma tsohon layin dogo da ya biyo ta Minna, wanda ya isa Kano cikin 1911, ta nan ya ratsa. Asalin mutanen wurin Gbagyi ne, waɗanda mu ke kira Gwarawa, matan kabilar nan kuwa sun yi suna wajen ginin tukwane tun kaka da kakanni. Ni ban kula da wannan ba. Gani na ke tun da na yi karatu, yumɓu ba zai gagare ni ba.

Ran nan da hunturu na kai yara bakin rafi, muka haƙo laka, muka kwaɓa nan take da tsakuwarta da saiwoyinta. Ko wane yaro ya gina ɗan kasko, muka jera a tsakar rana don su bushe da wuri. Kashegari muka tarar yawancinsu sun tsattsage kamar faso. 'Yan kaɗan da suka tsira na ce a tafi da su gida a riƙa zuba wa kaji ruwa. Da safe sai ga wani yaro riƙe da curin taɓo a ganye, ya durƙusa ya ce, "Malam, wai in ji Kaka in kawo maka kaskonka." Aji duk ya fashe da dariya.

Da la'asar na ce ya raka ni wurinta. Na tarar da ita a inuwa tana kirɓa yumɓu, na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Kaka."

Ta ce, "Yauwa, Malam. Kai ne mai kaskon?"

Na ce ni ne, koyo kuma na zo. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, rana busarwa kaɗai ta ke yi, wuta ce mai dafawa. Abin da rana ta busar, ran da ruwa ya gan shi zai karɓe abinsa. Kai kuwa ko busarwar ma ba ka iya ba."

Daga ran nan, ko wace yamma ina wurinta har na bar garin. Abin da ke biye rabinsa daga bakinta ne, rabi daga littattafan kimiyya na Kwaleji, ban kuwa ga inda suka saɓa wa juna ba.

2. Abin Da Ya Raba Busarwa Da Gashi

Yumɓu asalinsa dutse ne, irin manyan duwatsun nan na ƙasar Kaduna, wanda ruwa da iska suka cinye sannu a hankali cikin shekaru masu yawan gaske, har ya koma gari. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, siffarsu kuwa fale-fale kamar ɓawon kifi. In ruwa ya shiga tsakaninsu sai su riƙa zamewa bisa juna ba tare da sun rabu ba. Shi ya sa yumɓu ya ke lanƙwasuwa, yashi kuwa ba ya yi.

To, ruwan da ke cikin yumɓu iri biyu ne. Na fari shi ne ruwan kwaɓi, wanda mu muka zuba. Shi ne iska da rana ke kwashewa. In ya fita, ƙwayoyin sai su matso kusa da juna, abin ya yi tauri, ya kuma ƙanƙance, galibi da kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Amma ƙwayoyin suna nan yadda su ke, ran da ruwa ya komo sai su saki juna, a koma gidan jiya.

Na biyu shi ne ruwan da ke ɗaure cikin jikin ƙwayoyin kansu. Wannan rana ba ta iya taɓa shi, ko da ta bazara ce. Ba ya fita sai zafi ya kai tsakanin digiri 450 da 600 na ma'aunin Salshiyas, watau kusa da sa'ad da tukunya ke soma yin ja cikin wuta. Ku tuna ruwa a digiri 100 ya ke tafasa. In wannan ruwa na biyu ya fita, yumɓu ya bar zama yumɓu har abada.

Malami ya nuna wa yara wannan da idonsu, gama gani ya kori ji. A samo kofi biyu na ruwa, a jefa tsingaro cikin ɗaya, a jefa busasshen curin yumɓu cikin ɗayan. Kafin a tashi darasi curin ya zube ya koma taɓo, tsingaron kuwa ko shekara ya yi yana nan. Cikin 1928 masu haƙar kuza suka tono wani gasasshen mutum-mutumi a Nok, kudancin Jihar Kaduna, daga baya aka yi ta samun irinsa, shekarunsu sun haura 2,000 cikin damshin ƙasa ba su narke ba.

Amma kada wani ya raina ɗanyen yumɓu sabo da wannan. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasar da ba a gasa ba aka ɗaga bakan gizonsa. Haka rumbunan da ke tsare hatsin manoma daga kaka zuwa kaka. Dubi rumbu da kyau: an ɗora shi bisa duwatsu don kada damshi ya taɓa gindinsa, an kife masa jinka don kada ruwan sama ya taɓa kansa. Ilmin duka ke nan. Ɗanyen yumɓu yana da ƙarfi muddin an raba shi da ruwa.

3. Abin Da Za A Gina Da Wanda Za A Bari

Kafin yaro ya taɓa yumɓu, sai a tambaye shi: abin nan da za ka gina, zai gamu da ruwa? In zai gamu, to, aikin matoya ne, a bar wa maginiya. Tukunya, tulu, randa, kaskon ruwan kaji, kwanon abinci, duk suna cikin wannan. Har mazubin gishiri ma, domin gishiri yana jan damshi da damina.

Waɗanda ba ruwansu da ruwa suna da yawa: asusu, mazubi mai murfi na gyaɗa ko busasshen barkono ko allura da zare, ma'ajin alli da fensir, matokarin ƙofa, akurkin kaji a ƙarƙashin rumfa, da murhu. Ga makaranta kuma akwai 'yan ƙwallayen ƙirga, da taswirar gari mai tudu da kwari.

4. Nemo Yumɓu Da Gyaransa

A kan sami yumɓu a gaɓar rafi, da fadama, da tsohon kududdufi, da jikin suri. A nemi izinin mai unguwa ko mai gona tukuna. A yaye ƙasar sama mai ciyawa a ajiye gefe. Kada malami ya yarda yaro ya shiga rami ya riƙa ƙwaƙule gindin gaɓa, gama gaɓa ta kan rufto ba sallama.

Gwaji uku ne za su gaya maka halin abin da ka samo.

Na ɗaya, murza ɗan yumɓu ya yi kaurin fensir, ka naɗa a yatsa. In ya naɗu bai karye ba, ya yi. In ya gutsuttsure, yashi ya yi masa yawa.

Na biyu, zuba ƙasar cikin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Yashi zai fara kwanciya nan da nan, sa'an nan ƙasa mai laushi, yumɓu kuwa shi ne na ƙarshe, ya kan kwana bai gama sauka ba. Kashegari ka ga hawa uku, ka san rabon ko wanne.

Na uku, yi ɗan sanda na yumɓu, ka ja layi mai tsawon inci 10 a kansa, ka auna bayan ya bushe. In layin ya ragu da kusan inci guda, yumɓun ya cika danƙo, zai tsage, sai an surka shi. Wannan ma darasin lissafi ne a ɓoye.

Gyaran kuwa ga yadda Kaka ta ke yi. A shanya ƙasar ta bushe ƙarau, domin busasshen yumɓu ya fi mai damshi saurin jiƙa. A daka a turmi, a tankaɗe a fid da tsakuwa da saiwa. A jiƙa a bar shi ya kwana biyu ko uku. Sa'an nan a surka da abin da ba ya ƙanƙancewa: ita dakakken tsingaro ta ke sawa, in babu, yashi mai laushi ya isa, kamar awo 1 cikin awo 4 na yumɓu. Ga manyan abubuwa irin su murhu da akurki a kan ƙara yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, yadda magina ke yi, don su riƙe shi kamar zare cikin tufa. Ga ƙananan kaya tsohuwar jarida tana yin wannan aiki: a jiƙa, a kirɓa ta yi laushi, a cuɗa kaɗan cikin yumɓun. Amma wannan a kwaɓa daidai na yini, don in ya daɗe a jiƙe ya kan yi wari.

Daga nan sai cuɗa. A tattake da ƙafa, a murza da hannu, har ya zama bai ɗaya, ba gudaji, ba iska a ciki. Na tambayi Kaka yaushe a ke sanin ya isa, ta ce, "In ka gaji, to, ka yi rabi."

5. Gina Abu Uku

Asusu. A mulmula curi biyu daidai wa daida, ko wanne kamar lemo. A danna babban yatsa a tsakiya, a riƙa juyawa ana matsawa, har ko wanne ya zama ƙoƙo mai kaurin rabin inci ko ƙasa da haka. A kakkarce leɓunansu da tsinke, a shafa ruwan yumɓu mai kauri kamar koko, a kife su bisa juna, a shafe mahaɗin. Duk inda za a haɗa yumɓu biyu haka a ke yi, in ba haka ba za su rabu wajen bushewa. A buga gindin a ƙasa ya zauna. In ya ɗan yi tauri a yanka bakin da wuƙa, a yi shi ya ɗan fi yadda a ke so faɗi, tun da zai ƙanƙance. Asusu shi ne ya fi dacewa da ɗanyen yumɓu, gama daman don a fasa aka yi shi. In an fasa, a jiƙa gutsattsarin a gina wani.

Mazubi mai murfi. A shimfiɗa gindi kamar waina bisa tsingaro ko takarda, don kada ya manne. A murza dogayen igiyoyin yumɓu masu kaurin yatsa, a riƙa ɗora su a kewaye, hawa bisa hawa, ana shafe su ciki da waje. In ya yi inci 3 ko 4 a dakata ya ɗan sha iska, don ƙasan ya iya ɗaukar saman. Haka matan Gbagyi ke ɗaga manyan randuna ba na'ura, ita maginiyar ce ke kewaya tukunyar. A gina murfi a ranar, da yumɓu ɗaya, don su ƙanƙance tare.

Murhu. Wannan ya fi sauran amfani ga gida. Murhun duwatsu uku a buɗe ya ke ta ko'ina, iska tana kwashe zafi, itace yana ƙarewa a banza. Sabo da haka bayan farin shekarun 1970 da 1980 aka yi ta yaɗa murhun laka a ƙasashen Nijar da Burkina Faso. A kafa duwatsu uku, a ɗora tukunyar da a ke girki da ita, tsakanin gindinta da ƙasa kamar inci 5 ko 6. A gina bango mai kaurin tafin hannu ya kewaye duwatsun, ya hau har kafaɗar tukunya, a bar ratar yatsa guda tsakaninsa da ita don hayaƙi ya fita. A cire tukunyar, kashegari a yanka ƙofar itace ta wajen da iska ke zuwa. Kada a hura wuta sai ya bushe sarai, aƙalla mako guda, wutar fari kuma ta zama 'yar ƙarama, domin ruwan da ya saura a ciki in ya tafasa zai fasa bangon. A gina shi a madafa ko ƙarƙashin rumfa. In ya tsage, a cike da sabon kwaɓi.

6. Busarwa Da Ado

A nan ne na yi babban kuskurena. In aka sa ɗanyen abu a rana, bayansa zai bushe ya ƙanƙance, cikinsa kuwa yana nan jiƙe bai motsa ba, sai su ja juna har ya tsage. Iskar hunturu ta fi rana ɓarna wajen wannan. Sabo da haka a ajiye kayan a ɗaki, a rufe da tsumma kwana biyu ko uku. Sa'an nan a buɗe, a riƙa juya su, a kife su don gindi ya sha iska. Sai bayan mako guda ko fiye a fid da su rana. In kana so ka san ko abu ya bushe, kanga shi a kumatu: in ka ji sanyi, da sauran ruwa. Kauri kuma ya zama ɗaya ko'ina, gama siririn wuri ya kan riga mai kauri bushewa.

Ado a kan yi shi tun abin yana da taurin sabulu. A goge da dutse mai santsi ko bayan cokali har ya yi ƙyalli. A yi zane da tsinke, ko a mirgina totuwar masara. A shafa ruwan jar ƙasa ko farar ƙasa da ɗan ƙaro. Makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa da a ke yayyafa wa daɓe, yana ƙara wa fatar abin ƙarfi. Amma ko makuba ko fenti ba mai mai da ɗanyen kasko gasasshe. In an gama aiki a yayyafa ruwa kafin a yi shara, don ƙurar yumɓu ba ta da kyau ga huhu.

A kantunan birni a kan sayar da wani yumɓu cikin leda wanda a ke cewa iska ke busar da shi. An gauraya shi da zaren takarda da danƙo ne, shi ya sa ba ya saurin tsagewa. Shi ma ba ya riƙe ruwa, ba a kuma cin abinci a cikinsa. Malamin ƙauye ba ya bukatarsa, abin da ke bakin rafi ya wadatar.

7. Kada Mu Raina Sana'ar Gida

Wani zai ce mai ilmi ba ya wasa da taɓo. Sai mu tuna da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Shi ma Kwalejin Katsina ya yi, ya kuma koyar a makaranta, amma bai raina tukwanen talakawansa ba, har tara su ya ke yi a fada. A nan ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikin wata mace Bagwariya, Ladi Kwali. Cikin 1951 aka zaɓi Abuja ta dā, wadda yanzu a ke kira Suleja, don kafa makarantar ginin tukwane, Ladi ta shiga cikin 1954, ita ce mace ta fari. Ta je Ingila da Amurka tana nuna gini irin na gida, ta rasu cikin 1984. In yaro ya naɗe takardar naira 20 zai jefa a asusunsa, ka ce ya juya bayanta ya duba: ita ce tana gini.

Kafin in bar Kakau yaran nan sun gina asusu ko wannensu, mun kuma gina murhu biyu a gidajen iyayensu. Ran da zan tafi na kai wa Kaka nawa asusun. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta kanga a kumatu, ta ce, "Wannan ya bushe, Malam. Saura kai." Na yarda da maganarta. Mu da ke Kwaleji ɗanyun kasake ne tukuna, sai mun shiga wutar aiki za a san wanda zai riƙe ruwa. Shawarata ga ko wane ɗan'uwa ita ce, duk garin da aka kai shi ya fara neman masu sana'ar wurin ya gaishe su, kafin ya tsaya gaban 'ya'yansu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.

Tambayoyi Don Aji

1. Ruwa iri nawa ne cikin yumɓu, wanne ne rana ke iya fitarwa?
2. Don me a ke ɗora rumbu bisa duwatsu?
3. Layi mai inci 10 ya koma inci 9½ bayan bushewa. Kashi nawa cikin 100 ya ragu?
4. Kawo abu uku na gidanku da za a iya yi da ɗanyen yumɓu, da uku da ba za a iya ba, ka faɗi dalili.